Duniyar Kimiyya: Ɗan aiken da ake turawa cikin gajimare



Ranar Asabar ɗin da ta gabata na fita miƙe ƙafa da ƙaramar 'yata a wata hanyar gona da ke bayan garin Lincoln, a nan Ingila. Tana gaba ina biye, sai na ji ta ƙwala kira: "Baba, zo ka ga wani abu!" Da na isa sai na tarar da wani ɗan farin akwati wanda bai fi tafin hannu ba, ya maƙale a shinge. Akwai wata siririyar waya da ta leƙo daga ƙasansa, ga doguwar igiya, a ƙarshen igiyar kuma ga 'yar ƙaramar lema da yagaggiyar roba kamar tsumma. Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi. Na ce mata, "Ja da baya, 'yar Baba, kada ki taɓa." Wanda ya zauna a ƙasar Turawa ya san yadda ake ja mana kunne a kan kayan da ba a san mai su ba.

Rubutun da ke jikin akwatin ne ya kwantar mini da hankali: na'urar auna yanayi ce, ba ta da wata illa. Da muka koma gida na shigar da lambarta a SondeHub, inda masu sha'awar irin waɗannan na'urori suke bin sawunsu, sai ga taswirar tafiyarta ta fito. Daga Watnall ta tashi, kusa da Nottingham, ta hau sama, iska ta kwaso ta gabas, ta faɗo inda muka tsince ta. Sai yarinyar ta tambaye ni: "To Baba, me ta je yi a sama?" Amsar wannan tambaya ce za ta ci mana filin wannan makon, domin ta shafi jirgin da muke hawa zuwa gida, ta shafi damina, ta kuma bi ta Yamai da Damagaram.

Yadda ɗan aiken yake tafiya

Sunan na'urar rediyosond. Sau biyu a kowace rana, tashoshi kusan 900 a faɗin duniya suna sakin balan-balan ɗauke da ita, kuma kusan a lokaci guda suke yi, domin awon ya dace da ƙarfe 12 na rana da 12 na dare agogon GMT, wato ƙarfe 1 agogon Najeriya da Nijar. Ƙasashen da ba sa ga-maciji da juna ma sukan bi wannan ƙa'ida, su zuba sakamakon a rumbu ɗaya ƙarƙashin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO.

Balan-balan ɗin na roba ne, ana hura masa iskar hiliyom ko haidirojin har faɗinsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi. Ana ɗaure na'urar a ƙasansa da igiya mai tsawon mita 30 ko fiye, don kada ɗumin robar ya gurɓata awon. Idan aka sake shi yakan hau mita 5 a kowace daƙiƙa, wato mita 300 a minti ɗaya. Yana hawa na'urar tana auna zafi da sanyi, da yawan laimar da ke cikin iska, da nauyin iskar, tana aiko da lambobin ƙasa ta rediyo kowace daƙiƙa ɗaya ko biyu. Akwai GPS a cikinta, irin na wayarka, kuma daga yadda iska ke jan ta ake gane ƙarfin iskar da inda ta dosa a kowane mataki.

Yayin da yake ƙara nisa iskar da ke kewaye da shi tana ƙara sirancewa, shi kuma yana ƙara kumbura. Bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a tsayin kilomita 30 zuwa 35, wato ninki uku na inda jiragen fasinja suke bi, faɗinsa yakan kai mita 6 zuwa 8. Sai ya fashe. Lemar ta buɗe, na'urar ta sauko a hankali, wani lokaci nisan kilomita 200 daga inda ta tashi. Mafi yawansu ba a sake ganinsu. Tamu tana cikin 'yan kaɗan da suka faɗa hannun mutane.

Kafin a kai ga wannan sauƙi sai da aka sha wuya. A ranar 5 ga Satumba 1862 Turawan Ingila biyu, James Glaisher da Henry Coxwell, suka tashi daga Wolverhampton cikin kwandon balan-balan da na'urorinsu. Da suka kusa kilomita 9 Glaisher ya suma, hannuwan Coxwell kuma suka sandare don sanyi, sai da haƙora ya ja igiyar rage iska suka tsira. A 1875 Faransawa uku suka yi irin wannan tafiya, biyu suka mutu a sama. Daga 1892 aka fara tura na'urori su kaɗai ba mutum, a jira wani manomi ya tsinta ya dawo da su. Ta haka ne Léon Teisserenc de Bort, bayan ya saki balan-balan fiye da 200 a kusa da Paris, ya sanar a 1902 cewa sanyin sama ba ya ci gaba da ƙaruwa har abada: akwai inda yake tsayawa, daga nan wani sashe na daban ya fara, wanda ake kira sitiratosfiya. A 1929 Robert Bureau na Faransa ya haɗa na'urar da rediyo, a 1930 Pavel Molchanov ya yi nasa a Tarayyar Sobiyet. Daga nan aka daina jiran manomi.

Me ke cikin gajimare?

Rediyosond na yau da kullum zai gaya maka cewa iska ta cika da laima a tsayi kaza, amma ba zai gaya maka abin da ke cikin gajimaren ba. Kuma can ne labarin yake.

Gajimare tarin 'yan mitsi-mitsin ɗigon ruwa ne da ƙwayoyin ƙanƙara. Faɗin ɗigo ɗaya kamar maikiron 20 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kanka ya ninka shi kauri sau uku ko fiye. Ɗigon ruwan sama da ke faɗo maka a goshi kuwa faɗinsa kamar milimita 2 ne. Idan ka yi lissafi za ka ga sai an haɗa ɗigon gajimare kusan miliyan ɗaya kafin a sami ɗigon ruwan sama guda. Da yayyafi kogi kan cika, in ji Bahaushe, to shi ma yayyafin da taro yake samuwa. Shi ya sa sau da yawa za ka ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kowa ya kwashe shanya, sannan ya watse ba ko ɗigo.

Abu na biyu, tururin ruwa ba ya zama ɗigo haka kawai. Sai ya sami wata ƙwaya da zai kama: ƙura, gishirin teku, hayaƙi ko toka. Idan ƙwayoyin kaɗan ne, kamar a saman teku, ruwan yakan rabu a kan ɗigo kaɗan masu girma, kuma saukin haɗuwa su zubo. Idan ƙwayoyin sun yi yawa, kamar a saman birni mai hayaƙi ko inda ake ƙona daji, ruwan yakan rarrabu a kan ɗigo masu yawa ƙanana. Gajimaren ya ƙara haske, ya mayar da hasken rana sama, zubar ruwan kuma ta yi jinkiri. Kamar tuwo ne malmala ɗaya: idan yara uku ne kowa ya ƙoshi, idan talatin ne kowa ya tashi da loma.

Abu na uku shi ne ya fi ba ni mamaki. A makaranta an koya mana cewa ruwa yana daskarewa a digiri sifili. A cikin gajimare ɗigo mai tsabta yana iya zama ruwa har sanyi ya kai kusan digiri 38 ƙasa da sifili. Kafin nan ba ya daskarewa sai ya sami wata ƙwaya ta musamman da za ta fara masa ƙanƙarar, kuma ƙurar hamada tana cikin waɗanda suka fi iya wannan aiki. Da zarar 'yan ƙwayoyin ƙanƙara sun bayyana a tsakiyar ɗigon ruwa masu tsananin sanyi, sai su riƙa janye tururin suna girma, ɗigon suna ƙafewa. Idan sun yi nauyi sai su faɗo, su narke a hanya. Yawancin ruwan da ke sauka a bayan ƙasa, har da na hadarin Agusta a Kano ko Maradi, da ƙanƙara ya fara a can sama. Ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda take cika mana ido da hanci lokacin hunturu, tana da hannu a gajimaren da ke nesa da ita da dubban kilomitoci.

Wannan duka ba lissafin malamai kaɗai ba ne. Gajimaren ƙasa-ƙasa mai kauri yana sanyaya duniya domin yana tare rana. Siririn gajimaren can ƙololuwa, mai kama da zaren auduga, yana riƙe zafi kamar bargo. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya sha nanata cewa gajimare da ƙwayoyin da ke yawo a iska su ne suka fi wahalar da masu ƙiyasta yawan ɗumin da duniya za ta ƙara. Wanda yake so ya san yadda damina za ta kasance nan da shekara 30, dole ya san girman ɗigo, da adadinsu, da wanne ne ruwa wanne ne ƙanƙara.

Idanun da ake ɗaura wa balan-balan

Mai karatu zai ce, ai akwai tauraron ɗan'adam, akwai jiragen sama. Gaskiya ne, kuma ana amfani da su sosai. Sai dai tauraron ɗan'adam daga nesa yake hange, galibi saman gajimaren yake gani, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jirgin bincike yana shiga ciki, amma yana da tsada, ba kowane matuƙi ne zai kutsa tsakiyar hadari mai tsawa da gangan ba, sannan gudunsa yakan farfasa ƙwayoyin ƙanƙara a bakin na'urar, a ƙirga ɗaya a matsayin goma. Balan-balan kuwa a hankali yake hawa, ba rai a cikinsa, kuma idan ya ɓace asarar ba ta kai ta jirgi ba.

Japanawa sun yi fice a wannan fanni. Wajen 1990 Tsutomu Takahashi ya ƙera wata na'ura mai kyamarar bidiyo. Idan ƙwayar ruwa ko ta ƙanƙara ta faɗo ta bakinta sai ta gitta wani siririn haske, fitila ta yi walƙiya, kyamara ta ɗauki hotonta ta aiko ƙasa nan take. Akwai kuma wani zobe da ke auna cajin lantarkin da ƙwayar take ɗauke da shi. Dalili shi ne tsawa da walƙiya daga karon ƙanƙara suke fitowa: ƙananan ƙwayoyi masu hawa suna gogar manyan dunƙulallu masu saukowa, caji ya rabu, wani ya taru a sama wani a ƙasa, har ya yi yawan da zai tsage iska. Cibiyar binciken yanayi ta Japan ma ta fito da tata mai suna HYVIS, wadda ke tara ƙwayoyin a kan wata leda mai ɗaukar haske, kyamara mai ƙara girman abu tana ɗaukar siffarsu.

A 2016 Masatomo Fujiwara na Jami'ar Hokkaido da abokan aikinsa suka bayyana wata ƙarama mai nauyin kamar gram 200, wadda ake iya liƙa wa rediyosond na yau da kullum. Hasken leza take harbawa. Ɗigon ruwa mulmulalle ne, ƙanƙara kuwa tana da kusurwoyi, saboda haka kowanne da irin yadda yake juya hasken. Da wannan take ƙirga ƙwayoyin, ta kuma bambanta na ruwa da na ƙanƙara.

A Zurich ta ƙasar Suwizalan an ƙera COBALD, wadda da dare kawai ake tura ta. Tana haska iska da fitilu masu launi biyu, ta auna hasken da ya dawo, kamar yadda fitilar mota take nuna maka hazo. Da ita ake gano gajimaren da ya yi sirantar da ido ba ya gani. Sau da yawa akan haɗa ta da wata na'ura mai ɗan madubi, wanda ake sanyaya shi har raɓa ta daskare a kansa. Daga sanyin da hakan ya faru ake sanin ainihin laimar iska, ko da a can inda iskar ta fi ta hamada bushewa nesa ba kusa ba.

A Laramie ta jihar Wyoming a Amurka kuwa, tun 1971 masana na jami'ar jihar suke tura na'urar ƙirga ƙwayoyi zuwa sitiratosfiya. Da dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta a Yunin 1991, awonsu yana cikin waɗanda suka nuna yawan ƙwayoyin da ya watsa, waɗanda suka rage zafin duniya da kusan rabin digiri na ɗan lokaci. Su ne kuma suka kai balan-balan yankin Antaktika a ƙarshen shekarun 1980, suka auna gajimaren tsananin sanyi da a jikin ƙwayoyinsa ake sarrafa sinadaran da ke cinye iskar ozon.

Waɗanda suke Turai a Afrilun 2010 ba za su manta da tokar dutsen ƙasar Aisilan ba, lokacin da aka soke tashin jirage kusan 100,000, mutanenmu da yawa suka kwana a filayen jirgi. A cikin wannan mako masana na Jami'ar Reading suka saki balan-balan daga Stranraer a Sikotilan, ya ratsa tokar a tsayin kamar kilomita 4, ya auna kaurin shimfiɗarta, ya kuma nuna cewa tana ɗauke da cajin lantarki. Lokacin da aka hana jirgi tashi, balan-balan ne ya je ya gano.

Daminar 2006 a Yamai da Damagaram

Ga inda labarin ya iso gida. A 2006 aka yi babban gangamin binciken daminar Afirka ta Yamma, wanda Faransa ta jagoranta tare da masana daga ƙasashen Afirka, Turai da Amurka. Sunansa a taƙaice AMMA, abin da ya sa Bahaushe zai ce aikin tun daga suna akwai magana. An farfaɗo da tashoshin balan-balan da suka daɗe a kwance, yawancinsu a hannun ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashe rainon Faransa, aka kuma buɗe sababbi a Tamale ta Ghana, da Abuja, da Kwatano da Paraku a Benin. Tsakanin Yuni da Satumba an saki balan-balan kimanin 7,000. Rabon da a auna sararin yankin haka tun 1974.

A Yamai, cikin Yuli da Agusta, an tura manya da ƙananan balan-balan ɗauke da na'urorin auna laima da ƙwayoyi, ana sakinsu daf da manyan hadura. Ku tuna rufin nan da Teisserenc de Bort ya gano. A saman Turai yana wajen kilomita 11, a saman ƙasashenmu kuwa yana wajen kilomita 16 zuwa 17, kuma sanyi a can yakan kai digiri 80 ƙasa da sifili. Wato idan ka hau can, saman Yamai ya fi saman London sanyi. Wannan sanyi yana matse laimar duk iskar da za ta wuce, shi ya sa sitiratosfiya take a bushe. Abin da na'urorin suka nuna shi ne hadarin Sahel yana da ƙarfin da wani lokaci yakan huda rufin, ya watsa ƙwayoyin ƙanƙara zuwa kilomita 18 da wani abu, su ƙafe a can su bar laima. Tunda tururin ruwa a wannan tsayi yana shafar zafin duniya da iskar ozon, hadarin da ke tasowa daga gabas da la'asar yana jijjiga rufin kwano a Dosso yana da tasirin da ya wuce Nijar.

A Damagaram kuma, hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, da cibiyar binciken yanayi ta Amurka, NCAR, suka gwada wata dabara. Suka saki manyan balan-balan da ba sa fashewa da wuri, suna tsayawa a wajen kilomita 20, iska ta ja su yamma kwana da kwanaki har saman Tekun Atilantika. Kowanne yana ɗauke da rumbun ƙananan na'urori, ana ba shi umarni ta tauraron ɗan'adam ya saki ɗaya, ta sauko da lema tana awo. Daga ƙarshen Agusta zuwa 22 ga Satumba an jefa guda 124. Abin da ake bi shi ne wasu tãguwoyin iska da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar a lokacin damina. Su ne ke tsara zuwan manyan hadura a wurinmu, kuma idan suka faɗa teku wasunsu sukan rikiɗe su zama mahaukaciyar guguwa. Cikin waɗanda aka auna a wannan shekara akwai waɗanda suka zama guguwar Florence, da Gordon, da Helene ta 2006. 'Yan'uwanmu na Houston da Miami su sani, guguwar da ke sa su sayen ruwan gora da batir sau da yawa ta saman garinsu na haihuwa ta biyo.

Abin da ke cikin hatsari

A ranar 24 ga Yuli 2014 jirgin Air Algérie ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljas, ya karkata don kauce wa hadari, ya faɗi kusa da Gossi a Mali. Duk mutum 116 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna cewa ƙanƙara ce ta toshe na'urorin da ke auna ƙarfin injinan, ba a kuma kunna abin narkar da ita ba, jirgin ya yi ta rage gudu har ya kasa riƙe kansa. Shekara biyar kafin nan, a 1 ga Yuni 2009, ƙwayoyin ƙanƙara sun toshe bututun auna gudu na jirgin Air France da ya taso daga Rio zuwa Paris, abin da ya zama mafarin hatsarin da ya ci rai 228. Irin waɗannan ƙwayoyi ƙanana ne, na'urar hangen hadari ta jirgi ba ta cika ganinsu da kyau ba. Duk wanda ke ratsa Sahara zuwa Kano, Abuja, Yamai ko Akara, ko mai tashi zuwa Jidda cikin damina, yana da ruwa da tsaki a sanin inda suke taruwa.

Hasashen da kake gani a wayarka ma daga nan yake farawa. Kwamfutocin hasashe suna buƙatar sanin halin da iska take ciki yanzu, daga ƙasa har sama, kafin su lissafa na gobe. Awon balan-balan yana cikin ma'aunan da ake gyara na tauraron ɗan'adam da su. Inda babu shi, kwamfuta cike gurbi take yi da ƙiyasi.

To a nan ne gizo ke saƙar. WMO ta bayyana cewa rahotannin rediyosond da ke fitowa daga Afirka sun ragu da kusan rabi tsakanin 2015 da 2020. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane tashi ɗaya yana cin fiye da dala 100, kayan kuma ba sa dawowa. Sau biyu a rana tashi 730 ke nan a shekara, ban da albashi, da wutar lantarki, da gyaran injin haɗa haidirojin. Mai ba da tallafi yakan so ya sayi sabuwar na'ura a yanka kyalle a ɗauki hoto, amma kuɗin roba da batir na kullum ba mai son biya. Shi ya sa a 2021 aka kafa wani asusu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna SOFF, wanda manufarsa ita ce a tallafa wa ƙasashe marasa ƙarfi su ci gaba da awon su kuma raba sakamakon. Matsalar ma ba ta tsaya a Afirka ba. A farkon 2025 hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta dakatar da sakin balan-balan a Kotzebue ta Alaska, da Omaha, da Rapid City, ta rage a wasu wurare, saboda ƙarancin ma'aikata.

Iska ba ta san kan iyaka ba. Giɓin da aka bari a saman Agadas ko Injamena yana raunana hasashen ambaliya a Maiduguri, yana kuma raunana hasashen guguwa a Florida. Manomin da zai yanke shawarar ranar shuka, da mai gida a bakin kogi da ke buƙatar gargaɗin kwana biyu, su ne suke biyan kuɗin wannan giɓi, ko da ba su taɓa ganin balan-balan ɗin ba.

Ina da roƙo guda ga iyaye da ɗalibanmu na nan waje. Kowa ɗansa likita ko injiniyan kwamfuta, kuma ba laifi. Amma a Yamai kaɗai akwai cibiyar AGRHYMET, da ACMAD mai kula da hasashen yanayi na nahiyar, da makarantar EAMAC ta ASECNA, a Najeriya ga NiMet. Duk suna buƙatar masu ilimin lissafi, da kimiyyar iska, da haɗa na'urori. Na'urar ƙirga ƙwayoyi mai gram 200 aikin da ɗalibin digiri na biyu zai iya sa hannu a ciki ne. A 2006 galibin na'urorin daga waje aka zo da su. Zai yi kyau a gangami na gaba a sami 'ya'yanmu cikin masu ƙera su da masu fassara abin da suka gano.

Idan kuma ka tsinci irin wannan akwati, kada ka tsorata. Karanta rubutun jikinsa, wasu hukumomi sukan nemi a mayar musu. Kwashe igiyar da robar don kada dabbobi su ci, batir ɗin kuma a kai inda ake zubar da batir. Idan balan-balan ɗin bai fashe ba, a nisanta shi da wuta da sigari, domin haidirojin yana kamawa.

Tamu dai tana kan teburin 'yata, ta ce za ta kai makaranta ranar Litinin ta nuna wa malamarsu. Ta riga ta auna igiyar da taku, ta kuma sa ni alƙawarin kai ta ta ga yadda ake sakinsu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.